ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: SHARHI A KAN KATUNAN HANNU DAGA GAFASA

Gabatarwa

Wataƙila wani daga cikin 'yan ƙungiya zai yi mamakin ganin sharhi a kan katin gaisuwa a cikin mujallar marubuta, har ya ce me ya haɗa kifi da kaska. Amsarmu ita ce, kati ɗan ƙaramin littafi ne mai shafi huɗu. Yana da bango, yana da saƙo a ciki, akwai wanda ya ɓata dare ya tsara shi, akwai kuma wanda zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya. Duk jarrabawar da sabon marubuci yake fuskanta ranar da ya fara kai littafinsa kasuwa, ita ce mai zane yake fuskanta ranar da ya fara shimfiɗa katunansa a kan tebur. Saboda haka abin da za mu faɗa wa mai zane a nan, rabinsa da marubuta muke yi.

Abin da ke gabanmu shi ne katuna goma sha biyu da hotunan maƙalawa a bango guda uku, waɗanda wani matashi ɗan Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, ya yi da hannunsa kuma ya fara sayarwa. Iyakar karatunsa sakandare, bai zauna a gaban wani malamin zane ba. Yana kai kayansa Gaya, ranar Juma'a kuma ya gangara kasuwar Wudil. Tun da shi bai ga damar rubuta sunansa a bayan ko ɗaya daga cikin ayyukan ba, mu ma ba za mu riga malam masallaci ba. Amma za mu dawo kan wannan batu na suna, domin yana cikin manyan kurakuransa.

Hujjar da muke son kafawa guda ɗaya ce. Mai aikin hannu ba zai taɓa kamo inji ba wajen sauri da arha. Abin da ya rage masa ya sayar shi ne abin da idonsa ya gani a inda yake zaune, da harshen da ya tashi da shi. Duk katin da ya dogara da waɗannan a cikin goma sha biyun nan ya tsaya da ƙafarsa, wanda kuwa ya dogara da aro ya faɗi.

Yadda Aka Yi Katunan

Kafin a yanke wa aiki hukunci, ya kamata a san wahalar da ke cikinsa. Matashin nan yana sayen kwali fari da mai ruwan ƙasa irin na shagunan kayan makaranta, ya yanka da reza, ya ninka gida biyu. Daga nan hanya biyu yake bi. Ta farko ita ce zane kai tsaye da alƙalamin kara da tawada irin ta allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, sa'an nan ya cike gurabe da kalar ruwa ta 'yan makaranta. Ta biyu ita ce sassaƙa. Yakan sami tafin tsohon silifas ya goge shi ya yi sumul, ya zana siffa a kai, ya bi da tsinin reza ya ƙwaƙule duk inda ba ya so ya ɗauki tawada, sa'an nan ya shafa tawada ya danna a kan kwali. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sassaƙa hatimin roba a bakin sakatariya ya san wannan dabara. Wuyarta ita ce komai a juye yake fitowa, abin da ke dama ya koma hagu, har rubutu ma sai an sassaƙa shi a baibai. Daɗinta kuwa, da sassaƙa ɗaya za a buga kati ashirin ko fiye kafin bakin robar ya dakushe, kuma ba guda biyu da za su fito daidai wa daida.

Haɗa bugu da aikin hannu ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. Katin gaisuwar Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wato wanda Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana masa a Landan a 1843, an buga kwafi 1,000 ne, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana shafa kala da hannu, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Mu ma a nan sayen kati don a gai da wani ba baƙon abu ba ne. Wanda duk ya yi wayo kafin zuwan wayar salula a 2001 zai tuna da katin zaɓe, wanda samari da 'yan mata suke saye su cike da sunayen masoya da 'yan uwa su aika Rediyon Kaduna ko Rediyon Kano a karanta a filin Zaɓi Sonka. Ashe ke nan Bahaushe ya saba biyan kuɗi don gaisuwarsa ta isa da daraja. Tambayar ita ce, me zai sa ya biya yau, alhali wayar da ke hannunsa za ta kai gaisuwar kusan kyauta?

Kashi Na Farko: Katunan Aro

Bakwai daga cikin katunan na soyayya ne, kuma su ne za mu kira katunan aro. A cikinsu akwai zuciya da kibiya ta huda, da furen wardi ja, da kyandir biyu suna ci, da tattabaru riƙe da ambulan a baki, da fuskar wata mace mai dogon hanci da ɗigo a goshi. Ba za mu hana shi yabo ba a inda ya cancanta: hannunsa ba ya rawa, layukansa a tsabtace suke, kuma ya san inda zai tsaya da kala. To amma da ganin furen nan ka san mai shi bai taɓa ganin wardi a jikin reshe ba. Daga wani hoto ya kwaikwaya, wanda shi ma daga wani hoton aka kwaikwayo, har furen ya zo ya koma kamar kabeji. Kyandir kuwa, a ƙasashen da aka aro shi alama ce ta hira tsakanin masoya. A Gafasa da Gaya, idan ka ga an kunna kyandir, wuta aka ɗauke. Ita ko mai ɗigo a goshi, ba 'yar kowa ba ce a nan, kuma saurayin da ya kai wa budurwarsa wannan kati ya kai mata hoton wata ne.

Babban abin da ya kashe waɗannan katuna shi ne, duk abin da ke cikinsu yaron shagon kwamfuta zai fitar da wanda ya fi shi ƙyalli cikin minti biyar, kuma akwai dubunsa a cikin WhatsApp ana turawa ba ko kwabo. Wanda ya ɓata rabin yini yana zana abin da inji ya riga ya ƙware a kai, ya shiga tseren da tun kafin a busa usur an riga an cinye shi.

Mun san amsar da zai ba mu, domin ita ce amsar da marubuta da yawa suke bayarwa idan an yi musu magana: ai shi ne kasuwa take so. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, kuma ba ma raina mai neman abin sawa a baka. Sai dai akwai waɗanda suka riga shi bin wannan hanya a nan Kano, kuma ya kamata ya san inda ta kai su.

Darasi Daga Bangon Littattafanmu

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, sai matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A wannan zamani ne aka sami Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, aka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Irin yawan da littattafan suka yi ana iya ganinsa a kundin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, inda suka jera ɗaruruwan littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002.

Kowane littafi daga cikin waɗannan yana bukatar bango, kuma a farkon al'amari da hannu ake zana shi. Masu rubuta allon shaguna da samari masu baiwar zane, irin wannan namu na Gafasa, su ne suka sami abin yi. Muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 akasarinta ta tsaya ne a kan jigo da tarbiyya da ƙa'idojin rubutu, mai zanen bango kuwa yana gefe ba mai tambayar ra'ayinsa. Ana nan sai fim ɗin bidiyo na Hausa ya kunno kai, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya bunƙasa zuwa ƙarshen shekarun, kwamfuta kuma ta shigo maɗaba'u. Sannu a hankali hoton 'yan fim ya maye gurbin zanen hannu a bangon littattafai, daga baya kuma aka koma ɗauko hotunan baƙin fuskoki daga intanet.

A fahimtarmu, abin da ya sa sauyin ya zo da sauƙi haka shi ne, yawancin zanen na wancan lokaci yana ƙoƙari ne ya yi kama da hoto: saurayi da budurwa, mota da bene, fuska irin ta fastocin finafinan Indiya da ake liƙawa a ƙofar silima. Da hoton gaske ya zo da arha, sai kwaikwayon hoto ya rasa dalilin zama. Da a ce masu zanen nan sun kafa wani salo da na'urar ɗaukar hoto ba za ta iya ba, da marubuci zai ci gaba da nemansu ko da kwamfuta tana kan teburinsa. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Su zanen ɗaurawa suke nufi, amma maganar ta hau kan zanen alƙalami ba tare da an rage mata komai ba.

Kashi Na Biyu: Abin Da Ido Ya Gani

Sauran katuna biyar da hotunan bango uku su ne suka sa muka ɗauki alƙalami, domin a nan ne muka ga mai zane.

Na farko shi ne katin taya murnar saukar karatu. Ya zagaye shi da zayyana irin ta allo, murabba'i cikin murabba'i, da ja da ruwan ƙwai da kore da baƙi, ya bar tsakiya fari fat don a rubuta sunan mai sauka. Barin wannan fili shi ne hikimar katin, domin sabon mai zane yakan ji tsoron farin wuri kamar yadda sabon marubuci yake tsoron gajeriyar jimla. Aibinsa biyu. Kusurwar ƙasa ta hagu ta matse saboda bai raba filin da ma'auni ba kafin ya ɗora tawada, ita kuwa zayyana lissafi ce, kuskure kaɗan yake tona ta. Sa'an nan koren ya ɗan malala cikin baƙi, domin tawadar ƙaro tana narkewa idan ruwa ya taɓa ta. Maganin wannan shi ne a fara sa kala, a bari ta bushe sarai, sa'an nan a bi da baƙi.

Katin suna yana da rago ɗaure a turke da faifai cike da goro. Katin aure yana da jeren kwanuka irin na ɗakin amarya, da dagi a sama. Katin Sallah ba kowa a cikinsa sai wuyan babbar riga da aikin aska takwas, amma duk wanda ya gani ya san safiyar da ake nufi. Wannan shi ne abin da malaman adabi suke nufi idan sun ce a ambaci ɓangare a bar mai karatu ya cike saura.

A cikin hotunan bango, wanda ya fi kowanne shi ne na itacen gawo. Baƙar tawada ce kaɗai a kan kwali mai ruwan ƙasa. Gona ce an girbe, ga kara a tsaye nan da can, ga shanu biyu a inuwa, shi kuwa gawon ya cika da ganye. Wanda ya kwaikwayo daga littafi zai zana itacen rani a bushe. Sai wanda ya yi kiwo ko noma a ƙasar nan ne ya san gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani kuma ya yi lif, shi ya sa ake masa kirari da ƙin ruwan Allah. Wannan sani ba a intanet ya samo shi ba, kuma duk ɗan yankin nan da ke zaune a Legas ko Abuja, idan ya ga hoton sai ya tsaya. Ga abin sayarwa nan.

Hoto na biyu maƙeri ne a bakin wuta, yaro yana masa zuga. Zaɓen jigon ya dace da ɗan ƙasar Gaya, tun da tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙera daga Gaya, wato Abagayawa, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala saboda neman tama. Tartsatsin wuta, wanda ya fitar ta hanyar tsattsaga robar da ƙananan yanka, ya yi kyau ƙwarai. Amma ya manta da ƙa'idar juyewa, sai ga maƙerin da yaronsa duk sun koma bahagwai, fuskokinsu kuma sun fito kamar an dame. Roba ba ta karɓar ƙananan bayanai irin na ido da leɓe. Da ya juya musu baya, ko ya bar su a matsayin inuwa, da hoton ya fi ƙarfi.

Na uku, wato kogin Wudil, shi ne ya fi rauni. Ya so ya sa gada da motoci da kwale-kwale da masunta da shanun kasuwa duk a fili ɗaya da bai fi tafin hannu biyu ba, sai ido ya rasa inda zai sauka. Wannan cuta mun san ta a littattafan farko na marubuta da dama, inda za ka tarar da taurari goma sha biyar a babi ɗaya, kowanne da tarihin kakanninsa. Kwale-kwale ɗaya da mutum ɗaya da sandarsa sun isa su ɗauki kogin gaba ɗaya.

Akwai kuma wata fa'ida ta kasuwa da ya kamata ya lura da ita. Gidaje da yawa a ƙasar nan ba sa maƙala surar mutum a bango saboda dalili na addini. Zayyana da dagi da itace da aikin riga kuwa ba ɗakin da ba sa shiga, daga zauren malam har ɗakin amarya.

Waɗanda Suka Riga Shi

Shawarar komawa gida ba mu muka fara ba da ita ba. A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar da Bature yake koyarwa, amma a zuba mata abin gida. Uche Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina salonsa a kai. Bruce Onobrakpeya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sassaƙa da bugu a Afirka, kuma shi ne ya yi zane-zanen cikin An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, littafin da manazarta suka daɗe suna danganta labarinsa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Abin lura a nan shi ne, a Zariya aka yi wannan tunani, a tsakiyar gidaje masu zanen bango da madinka masu aikin allura. Waɗanda suka zo daga nesa sun koma sun tono nasu. Me zai hana ɗan gida ya tono nasa?

Misali na biyu ya fi kusa. Marigayi Sharif Bala na Gabari a birnin Kano ya shahara da rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aka ɗauki hoton rubutun aka buga da inji, ya bazu a kasuwanni da makarantun allo. A nan inji bai kori hannu ba, hidima ya yi masa, domin abin da masu saye suke nema shi ne wannan rubutu na gida da idonsu ya saba da shi tun suna yara. Duk mai aikin hannu da ya mallaki abin da ba a samu sai a wurinsa, inji bawansa ne.

Kalmomin Cikin Kati

Yanzu mun zo fagenmu na marubuta. A katunan soyayya, matashin nan ya cika ciki da Turanci mai kurakurai da baitocin da ya tsinto daga waƙoƙin finafinai. Ba za mu maimaita su a nan ba. Ban da cewa haƙƙin wasu ne, duk budurwar da aka kai wa ta riga ta ji su a waya sau ɗari, ta kuma san ba don ita aka yi su ba.

A katunan kashi na biyu kuwa ya rubuta Hausa, kuma gajeriya. A katin duba marar lafiya cewa ya yi: "Gurbinka a dandali yana nan, ba wanda ya zauna." Jimla ɗaya ce, ba ta ambaci ciwo ba, ba ta ambaci kewa ba, amma ta faɗi duka biyun. Muna kira ga masu koyon rubutu su dubi wannan da kyau.

Har wa yau, ya sa ƙugiya a haruffan da suke da ita. Tun cikin shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma har gobe katunan gayyata suna fitowa daga shagunan kwamfuta suna kiran jama'a zuwa "daurin aure", alhali dauri magani ne da ake ba jarirai. Alƙalamin kara ba ruwansa da rashin harafi a na'ura. Katin sauka kuma ya rubuta shi da ajami, wanda shi ne daidai, domin waɗanda za a kai wa da shi suka fara karatu. Ga fifiko biyu da hannu yake da su a kan inji a ƙasar Hausa, kuma bai kamata ya yi wasa da su ba.

Suna, Lamba Da Farashi

Mun ce za mu dawo kan suna. Rashin sa hannu a aiki ana iya ɗaukarsa kunya ko tawali'u, amma a kasuwa asara ce. Wanda ya ga hoton gawo a ɗakin abokinsa a Dutse ya yi sha'awa, wa zai nema? Ranar da wani ya ɗauki hotonsa da waya ya kai maɗaba'a ya buga ɗari biyar, da me mai shi zai yi shaida? Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da ta 2022 wadda ta maye gurbinta, duk sun lissafa zane cikin ayyukan da suke karewa, amma doka ba ta san aikin da ba a san mai shi ba sai da wahala.

Masu wannan sana'a a duniya suna da al'ada mai amfani. Idan sun buga hoto ashirin daga sassaƙa ɗaya, sai su rubuta da fensir a ƙasan kowanne 1/20, 2/20, har zuwa 20/20, su sa hannu da shekara, kuma ba za su ƙara bugawa ba. Da haka mai saye ya san abin da ke hannunsa ƙidayayye ne. Wannan ba ya cin ko sisi, alƙawari kawai yake bukata.

Game da farashi, mun lura yana sayar da hoton gawo da katin zuciya mai kibiya kusan kuɗi ɗaya, wai don girman kwalinsu bai bambanta sosai ba. Kwali yake sayarwa ke nan, aikin ya ba da shi gyara. Kamata ya yi ya lissafa kuɗin kwali da tawada da ambulan da kuɗin mota zuwa Wudil da dawowa, ya ɗora ladan sa'o'in da ya zauna, sa'an nan ya bambanta abin da kowa zai iya da abin da shi kaɗai ya gani. Wanda ya karya farashinsa da kansa a farkon shiga kasuwa, ɗaga shi daga baya yakan yi wuya.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Ba adalci ba ne mu gama da mai zane mu tsallake kanmu. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya buɗe akwatinsa ya ɗauko tsofaffin littattafai goma masu zanen hannu, ya duba nawa ne aka rubuta sunan wanda ya zana bangon. Wasu marubutan sun kyauta sun rubuta, da yawa kuwa sun gode wa mai buga keken rubutu da mai sayar da takarda, sun manta da wanda aikinsa ne ya fara tsayar da mai saye a gaban tebur. Marubucin da yake kuka an buga littafinsa ba izini, sa'an nan ya ɗauko hoton wata baiwar Allah daga intanet ya manna a bango ba da saninta ba, ya kamata ya dubi tsakiyar kansa.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a riƙa gayyatar irin waɗannan matasa zaman karatu, a ba su labarin su karanta kafin su zana, maimakon a ce musu kawai a yi mace da namiji da mota. A rubuta sunansu a shafin haƙƙin mallaka. A biya su a kan lokaci, a kuma yi magana tun farko a kan ko kuɗin na bugu ɗaya ne ko har da na gaba. Ita ma wannan mujalla tana fita sau huɗu a shekara, wato bango huɗu ke nan. Ko ɗaya aka ware wa masu sassaƙa da zayyana na ƙauyukanmu, an buɗe musu ƙofa.

Kammalawa

A taƙaice, a cikin ayyuka goma sha biyar da muka duba, bakwai aro ne, kuma shawararmu ita ce ya rage su sannu a hankali gwargwadon yadda sauran suka fara kawo kuɗi. Katin sauka da na Sallah da na marar lafiya sun isa a nuna su a ko'ina bayan ɗan gyara. Maƙeri da kogin Wudil suna bukatar a sake sassaƙa su. Hoton gawo kuwa ya riga ya kai, abin da ya rage masa suna da lamba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma da ba mu ga alamar gwaninta ba da ba mu tsaya muna ƙirga kurakurai ba. Tsakanin Gafasa da Ajingi da Gaya akwai rumbuna da rijiyoyi da masaƙa da 'yan mata masu lalle da ba wanda ya taɓa sassaƙa su a roba, kamar yadda akwai labarai a wuraren da ba wanda ya taɓa rubuta su. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a, amin.